Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙarkon Injin Tsofaffin Motocin A-kori-kura

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin masu tsofaffin motocin a-kori-kura da masu shirin saye, wato manoma, da masu bin kasuwannin ƙauye, da magina, da direbobin da motar ba tasu ba ce amma da ita suke ciyar da iyali. Maganar ta tsaya a kan inji, ba za ta shiga batun giya ko ƙafa ko bodi ba sai inda suka shafi lafiyarsa.

Waɗanne motoci ake nufi, kuma daga ina injinansu suka samo sunan ƙarko?

Ana nufin ƙananan motocin ɗaukar kaya masu buɗaɗɗen baya da aka ƙera daga shekarun 1970 zuwa tsakiyar shekarun 2000, irin su Toyota Hilux wadda aka fara fitarwa a Japan a 1968, da Nissan D21, da Mitsubishi L200, da na Isuzu, da kuma Peugeot 404 da 504 da muke kira Fijo, waɗanda suka cika hanyoyin Arewa bayan kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975.

Dalilin ƙarkonsu shi ne an yi su da babban ciki, sannan ba a matsa musu wajen fitar da ƙarfi ba. Injin Toyota 22R na fetur mai lita 2.4 ƙarfin doki kusan 100 yake bayarwa, 3L na dizal mai lita 2.8 kuwa kusan 90, alhali injin motar zamani mai lita 2.4 yakan haura 160. Gangar injin zubin ƙarfe ce mai kauri, na'urorin lantarki kaɗan ne, kuma kusan kowane bakanike ya san cikinsa. Wannan suna ya kai har yaƙin da Chadi ta gwabza da Libiya a 1987 ake yi masa laƙabi da Yaƙin Toyota. Sai dai motar da ke gaban mai saye a yau ta yi shekara ashirin ko talatin tana sauya hannu, kuma abin da waɗannan hannuwa suka yi mata ya fi sunan da ke jikin bonet tasiri a kan sauran kwananta.

Kilomita nawa irin wannan inji zai iya yi kafin a buɗe shi?

Ba abin mamaki ba ne injin da aka kula da shi ya yi kilomita 300,000 zuwa 400,000 ba a taɓa buɗe cikinsa ba, akwai kuma waɗanda ke wuce haka. Amma bai kamata a ɗora hukunci a kan abin da mita ta nuna ba, domin a tsofaffin motoci wayarta kan tsinke a yi shekaru ana tafiya ba ta ƙirga komai ba, wasu kuma da gangan ake mayar da ita baya. Motar da ta fito daga Amurka mil take ƙirgawa, kuma kowane mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Gwaje-gwajen da aka bayyana a amsar da ta shafi duba mota kafin saye sun fi mita faɗin gaskiya.

Na fetur ya fi ƙarko ko na dizal?

Idan an ba su kulawa iri ɗaya, tsohon injin dizal marar turbo yakan fi daɗewa, saboda a hankali yake juyawa kuma an ƙera sassansa don su jure matsi mai yawa. Amma ranar da ya lalace gyaransa ya fi tsada, kuma famfonsa da nozul-nozul ɗinsa suna buƙatar gwani mai na'urar gwaji, wanda ba a kowane gari ake samunsa ba. Injin fetur mai kafireto ya fi shan mai, amma ya fi haƙuri da kuskuren bakanike, kuma ana iya tayar da shi a bakin hanya da sifana da sukudireba. Ga wanda harkarsa ke cikin ƙauyuka nesa da babban gari, ina ganin wannan sauƙin gyara ya cancanci a sa shi a ma'auni kafin a dubi kuɗin mai.

Waɗanne injinan Toyota ne suka fi aminci, kuma ina raunin kowanne yake?

A ɓangaren fetur akwai dangin Y, wato 2Y da 3Y da 4Y, masu sauƙin gini da yawan kayan gyara, sai 22R da ƙaninsa 22R-E mai injekta, sai 3RZ mai lita 2.7 da ya fito a tsakiyar shekarun 1990, da magajinsa 2TR. Raunin 22R sananne ne. Daga 1983 aka mayar da sarƙar taiminsa, wadda ke daidaita motsin bawul da na fistin, mai layi ɗaya, aka kuma yi mata majingina ta roba. Idan robar ta tsufa ta karye, sarƙar kan riƙa gogar murfin gaban inji na alminiyam har ta huda shi ta kai ga hanyar ruwa, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Alamar farko ita ce ƙarar karkarwa ta 'yan daƙiƙu idan aka tayar da mota da safe, kuma wanda ya ji ta ya gyara da wuri ya tsira da kuɗi kaɗan. Injin 3VZ-E mai silinda shida, wanda ya zo a 1988, shi ne ya yi ƙaurin suna wajen ƙona gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin gangar inji da kansa, don haka ba ya cikin waɗanda ake yi wa wannan yabo.

A ɓangaren dizal akwai 2L mai lita 2.4, da 3L mai 2.8, da 5L mai 3.0. Ba su da gudu, a hawan tudu ma sai an yi haƙuri da su, amma suna daga cikin mafiya juriya matuƙar ana canja bel ɗin taimin a kan lokaci. Masu turbo, wato 2L-T da 1KZ-TE, sun fi ƙarfi, sai dai tof ɗinsu, wato kan injin da ke rufe silinda, yakan tsage idan suka yi zafi, ko da sau ɗaya ne.

Sai 1KD da 2KD da ke cikin Hilux ɗin da aka fara fitarwa wajen 2005, wadda ake kira Vigo. Injina ne masu kyau, amma kwamfuta ke sarrafa su, kuma ba sa jure gurɓataccen mai kamar yadda aka bayyana a amsar da ta shafi hakan. Suna da wata cuta ta ɓoye: idan wosar tagulla da ke ƙarƙashin injekta ta fara yoyo, hayaƙi kan shiga cikin baƙin mai ya daskare, ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta, inji ya buga alhali geji na nuna mai a cike.

Nissan da Mitsubishi da Isuzu da Fijo fa?

Nissan D21 takan zo da Z24, wanda ake ganewa da fulogi takwas a kan silinda huɗu, ko KA24E, wanda shi ma majinginar sarƙarsa kan gaji ta fara ƙara. Na dizal ɗinta, TD25 da TD27, haƙoran giya ne ke juya taiminsu, babu bel babu sarƙa, shi ya sa masana ke sa su a sahun gaba. Haka yawancin 4JA1 na Isuzu suke, ga kuma ƙarancin shan mai. Injin 4D56 na L200 yana da bel biyu, babba na taimin da ƙarami na sandunan da ke rage girgiza, kuma idan ƙaramin ya tsinke yakan faɗa ƙarƙashin babban ya jawo ɓarna, saboda haka tare ake canja su. Tof ɗinsa na alminiyam ne, ba ya son zafi ko kaɗan.

Injin fetur na Fijo 504 yana da wata baiwa da ta sa ya daɗe a hannun mutanenmu: silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke motsi a cikinsa, cirewa ake yi. Idan ya cinye, sai a zare shi a sa sabo tare da fistin da ringi, gangar injin ta koma aiki ba tare da an kai ta wurin masu yanka ba. Matsalarsa a yau ita ce samun kayan gyara na ƙwarai.

Mene ne bambancin sarƙa da bel a wajen taimin, kuma yaushe ake canjawa?

Sarƙa a cikin baƙin mai take aiki, kuma takan yi gargaɗi da ƙara kafin ta ba da matsala. Bel kuwa na roba ne, a bushe yake aiki, kuma ba ya sallama kafin ya tsinke. A injinan dizal tazarar da ke tsakanin fistin da bawul ƙanƙanuwa ce ƙwarai, don haka da bel ya tsinke sai su yi karo, bawul su lanƙwashe, wani lokaci tof ɗin ma ya tafi. Ƙa'idar dangin L ita ce kilomita 100,000, ta dangin KD kuwa 150,000, amma roba na tsufa ko mota na ajiye, kuma zafin ƙasarmu na gaggauta hakan. Duk wanda ya sayi tsohuwar mota mai bel bai san ranar da aka canja shi ba, to ya canja a makon farko, tare da boris ɗin da ke ɗaure shi.

Me ya fi kashe waɗannan injina a ƙasarmu?

Zafi. Mafi yawan injinan da ake cewa sun mutu da tsufa, idan aka bi tarihinsu za a tarar akwai ranar da allurar zafi ta haura direba ya ce bari ya ƙarasa gari na gaba. Duk mai bin hanya a watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, ya san wannan hoto: a-kori-kura a gefen titi da lodin albasa ya fi kan direba tsawo, bonet a ɗage, tururi na tashi, yaron mota na fasa ledar fiya-wata da haƙori yana ɗura wa lagireto ɗaya bayan ɗaya. Motar za ta tashi ta kai kasuwa, kowa ya yi hamdala, amma ruwan sanyin da ya sauka a kan ƙarfe mai zafi ya riga ya yi aikinsa. Bayan mako biyu ko wata guda sai a ga ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, sai a ce gaskit ne, a canja, ya sake ƙonewa, domin tof ɗin ya riga ya karkace ko ya tsage.

Abin da ya kamata a yi idan allura ta haura shi ne a tsaya nan take, a kashe inji, a bar shi ya huce da kansa na aƙalla rabin sa'a, kada a buɗe murfin lagireto yana da zafi domin ruwan kan yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. Bayan ya huce a ƙara ruwa a hankali, sannan a nemi musabbabin. Yawanci ɗaya ne daga cikin abubuwa biyar: lagireto ya toshe, ko fanbel ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko kulocin fanka ya daina kamawa, ko murfin lagireto ya mutu. Murfin nan da ake rainawa shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100 ya kai shi kusan 120, kuma kuɗinsa ba shi da yawa. Kulocin fanka kuwa ana gwada shi ne bayan an kashe inji yana da zafi: idan aka juya fankar da hannu ta yi ta walawala babu turjiya, ta daina jawo iskar da ake buƙata.

Bakanikena ya ce a cire tamostat domin na ƙasashen sanyi ne. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne, ko da yake maganar ta yaɗu a garejinmu har ta zama kamar doka. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aiki, wajen digiri 82 a yawancin waɗannan motoci, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. Idan aka cire shi, inji kan daɗe bai ɗumama ba, musamman da asubahin hunturu, man da bai ƙone ba ya riƙa wanke baƙin mai daga bangon silinda, ringi su ci da wuri, shan mai ya ƙaru. A injinan da tamostat ɗinsu ke rufe wata gajeriyar hanyar ruwa idan ya buɗe, cire shi kan sa wani kaso na ruwan ya riƙa zagayawa bai bi ta lagireto ba, sai zafin da ake gudu ya ƙaru a lokacin lodi.

Idan ana zarginsa, a jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta a zuba ido: lafiyayye zai buɗe kafin ruwan ya tafasa. Wanda bai buɗe ba a sa sabo. Motar da ta daina zafi don an cire mata tamostat, akwai yiwuwar ainihin cutarta na nan a ɗaya daga cikin wuraren da aka lissafa a amsar da ta gabata.

Ruwan rijiya ko na burtsatse ya isa a zuba a lagireto?

Ya isa a fita daga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, amma ba na zama ba ne. Yana ɗauke da gishiri da farar ƙasa waɗanda ke daskarewa a cikin siraran bututun lagireto kamar yadda suke yi a gindin butar shayi, ga tsatsa da yake haifarwa a gangar inji da cin alminiyam ɗin tof. Ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a galan yana da sinadarin hana tsatsa, kuma ana sabunta shi duk bayan kamar shekara biyu.

Wane irin lahani ƙura ke yi?

Ƙurar hunturu da ta hanyoyin burji gari ce mai kaifi, idan ta wuce filtar iska ta haɗu da mai sai ta zama kamar sanfefa a tsakanin ringi da silinda. Inji na iya cinyewa a cikin rani ɗaya ta wannan hanya. Al'adar buga filta a jikin taya tana yage takardarta, hura mata iska mai ƙarfi ta waje kuma na tura ƙurar ciki. A ɗaga ta a saitin rana a duba, idan haske ya ratso ta wani rami ko tsaga, ta gama aiki. A kuma cire robar da ta taso daga gidan filta zuwa inji a shafa yatsa a cikinta: idan yatsa ya fito da ƙura, akwai inda iska ke satar hanya, kuma sai an gano wurin.

Wane baƙin mai ya dace, kuma bayan kilomita nawa ake juye shi?

Ga yawancin waɗannan tsofaffin injina a yanayinmu, 15W-40 ya dace, 20W-50 kuma ga na fetur da ya fara sakin jiki. A juye duk kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa, tare da filtarsa. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne man ya kasance na gaske, domin man awo da ake sayarwa a kwalba a bakin titi ba a san asalinsa ba, wani ma tsohon mai ne aka tace. Zuba mai mai kaurin gaske don a kashe ƙarar metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, ɓoye ciwo ne kawai, kuma da safe irin wannan mai kan yi jinkirin isa saman inji.

Gurɓataccen mai na iya kashe inji?

Yana iyawa, musamman na dizal. Man dizal ɗin kansa ne ke sanya santsi a cikin famfo, don haka idan aka gauraya shi da kananzir santsin kan ragu, famfo ya riƙa cin kansa. Ruwa kuwa tsatsa yake sa wa nozul. Tsofaffin famfunan 3L da TD27 kan jure wannan na ɗan lokaci, amma 1KD da 2KD, da matsin mansu ya ninka na tsofaffin sau da yawa, jarka ɗaya daga hannun 'yan bumburutu na iya lalata musu injekta, kuma injektar da ke zubar da mai fiye da kima na iya fasa fistin. A ƙarƙashin filtar dizal akwai ɗan makunnin zubar da ruwan da ta tara, kuma ya kamata a riƙa buɗe shi a kai a kai, balle da damina.

Yawan lodi na shafar inji, ko ƙafa kaɗai yake wahalarwa?

Yana shafarsa sosai. An ƙera waɗannan motoci don ɗaukar kusan tan ɗaya, wato buhu goma na masara, amma sau da yawa akan ɗora ashirin, a ƙara da fasinja a sama. Ƙarin sifirin na hana bodi zama a kan taya, amma bai ƙara wa lagireto girma ba. Mafi muni shi ne jan lodi a babbar giya inji na kakkarwa don a rage shan mai, domin a lokacin ne matsi ke sauka a kan metal yayin da famfon mai da na ruwa ke juyawa a hankali. A hawan tudu a sauko giya da wuri, a bar inji ya yi numfashi.

Yaya zan gane lafiyar inji kafin in saya?

A je da sassafe, a ɗora hannu a kan inji a tabbatar da sanyi yake, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye rabin aibinsa. A buɗe murfin baƙin mai a dubi bayansa: idan akwai wani abu mai kauri mai launin shayi da madara, ruwa na shiga mai. A buɗe murfin lagireto tun inji na sanyi, a tayar da shi, a duba ko kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, wanda ke nuna gaskit ko tsagewar tof. Fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku. Sannan a sassauta murfin mai a ajiye shi a bakin raminsa inji na aiki: ɗan motsi ba komai ba ne, amma idan iska na cilla shi sama tana fitar da hayaƙi, ringi sun tafi.

Hayaƙin salansa ma na magana. Shuɗi na nufin inji na ƙona baƙin mai, fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi na nufin ruwa, baƙi kuma na nufin mai ya fi iska yawa, wanda sau da yawa filta ce ko nozul, kuma shi ne mafi sauƙin magani. Idan ciniki ya yi nisa, a biya bakanike mai geji ya auna matsin kowace silinda, kada bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. A ƙarshe a hau tudu da motar, da kaya idan zai yiwu, ido na kan allurar zafi.

Idan inji ya gaji, gara a yi masa aiki ko a sayi ɗan Beljiyam, wato tsohon injin da aka shigo da shi daga waje?

Ya danganta da bakaniken da ke hannu. Aikin inji na ƙwarai awo ne: a auna silinda da karanshaf da na'ura, a yanka su daidai da fistin da metal ɗin da za a sa, a ɗora tof a kan ma'auni a ga ko ya karkace, a ɗaure kusoshinsa bi da bi da sifana mai awo. Inda ake yin haka, injin da aka yi wa aiki ya fi wanda ba a san tarihinsa ba. Inda kuwa za a zura sababbin ringi a cikin silindar da ta riga ta zama ƙwai, a ɗaure tof da ƙarfin damtse, to gara a nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas a nemi wanda aka sauke daga waje, a kuma yi sharaɗin kwanakin gwaji kafin a biya.

Ko wanne aka zaɓa, kada a ɗora shi a kan lagireton da ya kashe na farko ba a wanke shi ko an canja ba. Ɗan Beljiyam ya daɗe a ajiye, don haka a canja masa bel da sil-sil da famfon ruwa tun yana ƙasa, lokacin da hannu ke isa ko'ina. Wanda aka yi wa aiki kuma a lallaɓa shi a kilomita 1,000 na farko ba tare da cikakken lodi ba, sannan a juye mai.

Mayar da tsohon inji ya koma amfani da CNG, wato iskar gas da ake matsawa cikin tukunya, na rage masa kwana?

Tambayar ta yawaita tun bayan cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023. Injin fetur ne ake mayarwa cikin sauƙi, kuma iskar ba ta ɓata baƙin mai kamar fetur, wanda alheri ne ga ringi da metal. Inda take da illa shi ne bawul ɗin fitar hayaƙi: a bushe take ƙonewa, don haka mazaunin bawul kan ci sannu a hankali, tazararsa ta ragu har ya daina rufewa sosai ya ƙone. Maganin shi ne a riƙa duba tazarar bawul fiye da yadda aka saba, wadda a 22R milimita 0.20 ce a na shiga da 0.30 a na fita, inji na da zafi. Ƙarfi zai ɗan ragu, nauyin tukunyar kuma daga cikin lodi za a cire shi. Injin da ya riga ya fara zafi ko matsinsa ya faɗi a gyara shi tukuna kafin a kai shi, kuma tukunyar ta kasance wadda aka ƙera musamman don CNG, a wurin da hukuma ta amince da shi, domin tukunyar gas ɗin girki ko wadda aka yi wa walda ba za ta iya riƙe matsin iskar ba.